Lemon da ba sukari da tumbin shekarun ɗaukewar al'ada

A cikin matan unguwarmu a nan Agege waɗanda suka haura shekara arba'in da biyar, da wuya a zauna a wurin suna ko walima ba a tayar da zancen tumbi ba. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: abincin da mace take ci bai ƙaru ba, amma rigunan da tela ya ɗinka mata bara sun fara matse ta a ciki, zanen da take ɗaurawa kuma ya rage zagaye ta kamar da. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suka koma shan lemon kwalba da ake ce wa ziro ko dayet, da fatan cewa idan aka cire sukari ƙiba za ta sauka da kanta. Ni ma ina cikin masu shansa, kuma ina cikin shekarun ɗaukewar al'ada, saboda haka maganar ta shafe ni kai tsaye. Abin da na lura da shi a kaina da kuma 'yan uwana shi ne, lemon yakan zama jaraba a hankali, har mace ta wayi gari ba ta iya wuni sai da kwalba biyu ko uku, tumbin kuwa yana nan bai motsa ba.

Ya kamata mu fara sanin inda tumbin ya fito. Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci sukan ce ta ɗauke idan an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba. Tun kafin a kai nan, sinadarin istrojin da ƙwayayen haihuwa ke samarwa yake fara raguwa, kuma raguwarsa ce take sa kitsen da a da yake taruwa a ƙugu da cinyoyi ya koma taruwa a ciki. A lokaci guda tsokar jiki tana raguwa saboda shekaru, tsoka kuwa ita ce ke ƙone kaso mai yawa na abincin da muke ci, ko muna zaune. Wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda aka fara a Amurka a 1994 ana bin lafiyar dubban mata shekara da shekaru, ya nuna cewa a wannan tsakani kitse yakan ƙaru, tsoka kuma ta ragu, ko da nauyin da sikeli ke nunawa bai yi wani babban sauyi ba. Shi ya sa awon kewayen ciki da tef ɗin tela ya fi hawa sikeli faɗa wa mace gaskiya. Idan kewayen cikinta ya wuce santimita 80, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya fara ƙaruwa, idan kuma ya wuce 88 ya ƙaru sosai.

Ba na so in zalunci lemon da ba sukari, domin yana da nasa amfanin. Lemon kwalba irin na kola mai sukari yakan ƙunshi kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, wato kwalbar roba mai rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Wannan adadi shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini guda, har ma ta ce rabin hakan ya fi alheri. Gwamnatin Najeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, kodayake naira 10 ba ta hana kowa saye ba. Don haka matar da ta saba shan kwalba biyu masu sukari a kullum, ta koma wanda ba sukari, ta cire wa jikinta kaya mai nauyi, musamman idan tana fama da ciwon suga. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai dace a raina shi ba.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka ɗauki lemon a matsayin maganin rage ƙiba. A watan Mayu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari, irin su asfatam da sukuralos da ake zuba wa lemon ziro, wajen rage nauyi, domin bayanan da ta tattara sun nuna cewa ɗan amfanin da ake gani a watannin farko ba ya ɗorewa. Hukumar ta bayyana cewa shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Akwai kuma binciken da ya ga alaƙa tsakanin yawan shan irin wannan lemo da ciwon suga da ciwon zuciya, sai dai masana suna taka-tsantsan da shi, saboda sau da yawa wadda ƙiba ta riga ta dama ce take komawa shansa, ba lalle ne lemon ya jawo mata cutar ba. Wata biyu bayan haka, a Yuli, sai labari ya cika WhatsApp cewa asfatam na kawo cutar daji. Gaskiyar maganar ita ce, cibiyar binciken cutar daji ta hukumar ta sa shi a jerin abubuwan da ake zargi amma hujjar ba ta da ƙarfi, kwamitin da ke duba abubuwan da ake ƙarawa a abinci kuma ya bar iyakar da aka sani, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 70 sai ta sha tsakanin gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ta haura wannan iyaka. Ni dai ba tsoron daji ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda lemon yake sa mace ta saki jiki.

Na ga misalin haka a wani biki da muka je Idi-Araba. Wata yayarmu da muke zaune tebur ɗaya ta mayar da lemon da aka ajiye mata, ta aiki yaro ya nemo mata ziro, ta ce likita ya hana ta sukari. Da aka kawo abinci ta cinye dafa-duka da soyayyar ayaba da cincin, ta ƙara da yankan kek, sannan ta dube ni ta ce, "Ai kin ga ni na bar sukari, Hajiya, yanzu sai dai Allah ya kawo sauƙi." Na ce mata, "Yaya, Allah ya ƙara lafiya," ban ƙara komai ba, domin wurin biki ba wurin wa'azi ba ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, saboda da zuciya ɗaya ta faɗa. Ta yi imani cewa kwalbar da ke hannunta ta biya mata bashin abin da ke cikin faranti. Ban da haka, asfatam ya fi sukari zaƙi kusan sau 200, sukuralos kuwa kusan sau 600, kuma ko da ɗan kaɗan ake zubawa, harshen da yake samun zaƙi safe da yamma ba ya sabawa da rashinsa.

Ita kanta jarabar tana da tushe, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu daɗe. Yawancin lemon kola, mai sukari da maras sukari, yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Jiki yakan saba da shi, idan kuma aka tsaya kwatsam, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan biyo baya cikin yini ɗaya, su ɗauki kwanaki kafin su lafa. Mace takan ɗauka ƙishirwa ce ko kwaɗayi, alhali jiki ne yake neman abin da ya saba. Rabin kafeyin da aka sha yakan kasance a cikin jini bayan kimanin awa biyar, saboda haka kwalbar da aka sha bayan la'asar tana nan tana aiki lokacin kwanciya.

Barci kuwa dama shi ne abin da ya fi yi wa mace wuya a wannan shekaru. Zafin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa wuya da fuska, da zufar da ke jiƙa rigar barci cikin dare, suna iya ɗaukar shekaru. Binciken SWAN ya gano cewa a wajen mata da yawa sukan wuce shekara bakwai. Idan aka haɗa wannan da zafin Legas mai ɗanɗano, da ɗaukewar wuta da ƙarar janaretan maƙwabta, da tashin ƙarfe huɗu na dare ga mai son ta isa kasuwar Idumota ko ta Balogun kafin hanya ta cushe, za a ga cewa matar kasuwa tana fita daga gida ne da bashin barci. Rashin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, kuma abin da jiki ya fi nema a wannan hali shi ne zaƙi da gari da maiƙo. Da yamma ta yi, tana cikin motar haya ta danfo a gosulon Oshodi, kafaɗa da kafaɗa da mutane, zafin ya taso mata, sai ga yaro mai talla ya miƙo kwalba ta taga, raɓa na gangarowa a jikinta. Takan fara ɗora ta a wuya kafin ta buɗe. Wadda ba ta taɓa jin wannan zafi ba ba za ta gane dalilin da ya sa ba a iya cewa a'a ba. Sai dai wannan kwalba ita ce za ta ƙara hana ta barci da dare, gobe kuma ta tashi da gajiyar da za ta sa ta nemi wata.

Wasu ƙawayena da suka bar lemo sun koma cin goro, abin da ba baƙo ba ne a Agege, garin da fataucin goro ya tara kakanninmu a cikinsa. Goro ba shi da sukarin lemo, amma kafeyin ɗinsa yana da ƙarfi, saboda haka wadda take tauna shi da daddare ba ta gyara barcinta ba.

Akwai kuma batun ƙashi, wanda ba mu cika kula da shi ba sai an yi karaya. Raguwar istrojin tana sa ƙashi ya yi saurin rasa ƙarfinsa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan mutanen garin Framingham na Amurka ya ga cewa matan da ke yawan shan kola, har da maras sukari, ƙashin ƙugunsu bai kai na marasa sha ƙarfi ba. Binciken bai tabbatar da cewa lemon ne sanadi ba, amma abin lura ne, musamman ga matar da lemo ya maye mata gurbin nono da madara. Tsamin da ke cikin lemon kuma yana cin fatar haƙori ko da babu sukari, balle ga mai kurɓarsa kaɗan-kaɗan tun safe har dare.

Abin da ya yi mini aiki shi ne ragewa a hankali. Na fara da hana kaina shan duk abin da ke da kafeyin bayan sallar azahar, sannan na koma sayen ƙaramar kwalba maimakon babba. Da na duba da kyau sai na gane cewa sanyi da gas nake nema fiye da zaƙi, don haka nakan daskarar da ruwa a gora tun dare, in fita da shi a jaka, idan na samu ruwan soda kuma in matsa lemon tsami a ciki. Zoɓo da citta da kanumfari yana da daɗi ba tare da sukari ba idan harshe ya saba, amma na gida nake nufi, domin zoɓo da kunun aya da ake sayarwa a roba sau da yawa sukarinsu bai gaza na lemon kwalba ba. Mai shan maganin hawan jini kuma ta sanar da likitanta idan za ta yawaita zoɓo, saboda shi ma yana sauke jini. Ban haramta wa kaina lemon ba. A wurin biki, idan zaɓin ya tsaya tsakanin mai sukari da maras sukari, maras sukari nake ɗauka, in sha ɗaya tare da abinci.

Shi kuwa tumbin, abin da ya taɓa shi ya fi ƙarfin kwalba. Karin kumallo na burodi da shayi mai sukari yakan bar mace da yunwa tun kafin hantsi, amma ƙosai ko alale ko ƙwai ko awara sukan riƙe ciki, kuma su ne abincin da tsoka ke buƙata, haka ma kifi da wake da nono. Na rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, na ƙara ganye a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan ba ya buƙatar kuɗin wurin motsa jiki ko fita da kayan da mace ba za ta sake a cikinsu ba. Tafiya da sauri bayan asuba tare da maƙwabciya, da sauka daga mota kafin a kai tasha, da tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, da ɗaga gorar ruwa a cikin ɗaki, duk suna shiga lissafi. Sauyin yakan zo a hankali, kuma a tef ɗin awo ake fara ganinsa kafin sikeli.

Wani abu da nake roƙon kowace mace kada ta yi wasa da shi shi ne ƙishirwar da ba ta yankewa. Idan kina sha ba kya ƙoshi, kina yawan tashi fitsari da dare, ko kina ramewa ba tare da kin rage abinci ba, waɗannan suna cikin alamun ciwon suga, kuma yana da sauƙi a ɗora su a kan zafin gari ko ɗaukewar al'ada a yi ta zama. Gwajin suga ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, ana yinsa a cibiyar lafiya ta unguwa da manyan kemis. Idan kin je, ki sa a auna miki hawan jini, ki kuma faɗa wa likita zancen zafin jiki da rashin barcin ba tare da jin nauyi ba, domin akwai magunguna da ake bayarwa, na sinadarin istrojin da waɗanda ba nasa ba, kuma shi ne zai duba tarihin lafiyarki ya faɗa miki wanda ya dace da ke.