Yinin da na ware don zaɓar wa kyamarata maratayi

Asabar

Tsohon maratayin kyamarata ya gama yayinsa. Na fata ne, tare na same su da kyamarar, kuma a daidai inda fatar ta lanƙwasa ta zagaye zoben ƙarfe ta bushe ta tsattsage, har in ka ɗan ja sai ka ga zaren ɗinkin yana buɗe baki. Ba zan ci gaba da rataya Leica M6 a jikin abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Jiya Yaya, wanda ya riga ni shiga harkar hoto da shekaru masu yawa, ya aiko min da jaka cike da maratayan da ya tara, ya ce in gwada su a tsanake, wanda ya yi min in riƙe. Yau tun da safe na baje su a kan tebur.

Na fara da wanda ido ya ce min zai fi daɗi: baƙi, faffaɗa, mai taushi, na niyofirin, wato robar nan da ake ɗinka kayan masu nutso a teku da ita. A tsaye cikin ɗaki kam ba shi da laifi, ko kaɗan ban ji nauyi a wuya ba. Da na fita na fara tafiya ne halinsa ya fito. Robar tana miƙewa tana komawa, saboda haka kowane taku sai kyamarar ta yi tsalle ta bugi ƙirjina. Kafin in yi nisa ƙeyata ta jiƙe da zufa a ƙarƙashinsa. Abin da ya sa na cire shi gaba ɗaya kuwa shi ne lokacin da na ɗaga kyamarar zuwa ido don in ɗauki wata bishiya da hasken safiya ya ratsa. Jelar nailan ɗin da ke gefen dama ta tanƙwaro gaba, ta kwanta a kan ƙaramar tagar kyamarar, nan take tabon hasken da nake saita hoto da shi ya ɓace.

Wannan kuwa matsala ce da mai kyamara mai madubi, wadda ake kallo ta cikin gilashinta na gaba, bai san ta ba. Ita kyamara mai ma'aunin nisa, irin M6 ɗina, ba ta cikin gilashin gaba kake kallo ba, ta wata taga ce daban da ke kusurwar hagu. A fuskar M6 tagogi uku ne a jere: babbar da kake leƙawa, ta tsakiya mai duhu-duhu da ke haskaka layukan iyakar hoto, sai ƙaramar da ke can wajen hannun dama. A tsakiyar abin da kake gani akwai ɗan tabo mai haske inda abu ɗaya yake fitowa biyu, kana murza zoben gilashi har biyun su haɗe, to hoto ya saitu. Siffa ta biyun nan daga ƙaramar tagar take zuwa. Duk abin da ya rufe ta, yatsa ne ko igiya, ya hana ka aiki. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo: in igiyar a gaban gilashin ta faɗa, ba za ka gan ta ba sam, sai ranar da aka wanke fim ka tarar da wani baƙin zane ya ratsa hoton da ka fi so. Don haka maratayi mai tauri, mai tsayawa da kansa ya yi baka a iska, bai dace da irin wannan kyamara ba komai taushinsa a wuya.

Da na zauna na yi lissafi, sai na ga ba ma ni aka yi wa wannan faffaɗan ba. M6 nauyinta kusan giram 600 ne, gilashin Summicron na milimita 50 kuma wajen giram 240, duka-duka ba su cika kilo ɗaya ba. Wanda ke yawo da babbar kyamara da dogon gilashin nan na milimita 70 zuwa 200 yana ɗauke da fiye da kilo biyu, shi ne mai bukatar a baza masa nauyi a faɗin kafaɗa. Tun asali Oskar Barnack, wanda ya ƙirƙiro kyamarar Leica, ƙaramar kyamara ya nufa, wadda mutum zai fita da ita ba tare da ya ji ya ɗauki kaya ba. Leica II ta 1932, wadda ita ce ta farko a gidansu da ta zo da ma'aunin nisa a jikinta, ko kunnuwan saƙala igiya ba ta da su, aljihu ake sa ta ko gidanta na fata. Sai a Leica III ta 1933 aka sa kunnuwan. Su kansu masu ƙerawa sun yi ta juya maganar yadda ya kamata kyamara ta rataya, domin M5 ta 1971 da ta fara fitowa kunnuwanta biyu a gefe ɗaya suke, a tsaye take rataya, daga baya aka ƙara na uku saboda masu son ta kwanta kamar sauran.

Na biyu da na gwada igiya ce zagayayya ta saƙar auduga, kaurinta bai kai ɗan yatsana ba. Gaskiya ta burge ni. Ba ta da gaba ba ta da baya, saboda haka ba ta murɗewa, duk yadda ka jefa ta a wuya daidai ne. In ka ɗaga kyamara sai ta zube ƙasa ta ba ka wuri. In kana so ka riƙe kyamarar a hannu, ka naɗe ta a wuyan hannu, ta zauna lafiya lau. Yaya ya taɓa nuna min irinta ta siliki da ake yi a Japan da saƙar kumihimo, wadda a da ake ɗaure sulke da takubba da ita, kyakkyawa ce ƙwarai. Da wannan ta audugar na yi yawon hantsi gaba ɗaya. Sai wajen tsakar rana na fara jin inda take gazawa. Abu zagayayye a siririn layi ɗaya yake taɓa jiki, duk nauyin a nan yake taruwa, kuma da na shafa ƙeyata na ji ta yi min shata. A kafaɗa ɗaya kuma ba ta zama, mirginawa take yi tana neman zamewa, sai na lura ina ɗage kafaɗar ba da sanina ba don in tare ta. Wannan ɗagewar ita ke kawo ciwon wuya da yamma, ba nauyin kyamarar ba.

Akwai wani na saƙa mai zaren roba a cikinsa wanda yake kama kafaɗa gam. Ga mai rataya a kafaɗa ɗaya ya yi. Amma da na saƙala shi ta ƙirji, in na ja kyamarar sama sai ya tattaro rigata ya taho da ita. Na ajiye shi. Na wuyan hannu kuma ban daɗe da shi ba, saboda sa fim a Leica M sai ka cire farantin ƙasa gaba ɗaya, ka kifa kyamarar, ka ɗaga ƙofar baya, ka zura fim. Aikin hannu biyu ne, kuma bayan kowane hoto 36 za ka sake shi, sau da yawa a tsaye a bakin hanya. Ina so a lokacin kyamarar tana rataye a jikina.

Da rana na kira Yaya.

"Yaya, barka da rana. Na gwada kusan duka, kowanne da inda yake cizo."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, tsaya tukuna. Ka auna tsawo kuwa, ko faɗi kawai kake kallo?"

Na ce ban kai nan ba.

"To samo zare mai kauri ka ɗaura a kunnuwan, ka riƙa ragewa kana ƙarawa har ka ji inda kyamarar ta zauna ba ta lilo. Sannan ka auna zaren. Da wannan awon za ka koma kan tebur."

Na yi yadda ya ce, a kan gado don kada a samu tsautsayi, kuma wannan ne ya fi komai amfani a yinin yau. A santimita 90 kyamarar tana zama a tsakiyar ƙirji, ba ta motsi sosai, hanyarta zuwa ido gajeriya ce. Amma in na juya ta a tsaye don hoton mutum, igiyar tana ɗaurewa ta ja min ƙeya, kuma ba ta isa a saƙala ta ƙirji ba. A santimita 100 zuwa 105 ta sauko kan ciki, wurin da ya fi ko'ina lilo, in na sunkuya sai ta yi gaba kamar guga a bakin rijiya. Da na kai 115 na zura kai da hannu ɗaya, igiyar ta ratsa ƙirji daga kafaɗar hagu, kyamarar ta sauka a saman ƙugun dama, daidai inda gwiwar hannuna take dafe ta. Nauyin ya bar wuya ya koma kan kafaɗa da baya. Na yi tafiya da sauri, na hau matakala, na sunkuya na ɗaure takalmi, tana nan inda na bar ta. A 125 ta yi ƙasa da yawa, tana bugun cinya. Wannan awon jikina ne, wanda ya fi ni tsawo ko kauri nasa zai bambanta, shi ya sa zaren ya fi duk wata shawara da za a ba mutum daga nesa.

Lilon nan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. A cikin bakin kyamarar, daga sama, akwai wata 'yar ƙaramar taya da ke bin bayan gilashi yayin da kake murza shi, ita ke motsa hannun da ke juya siffa ta biyun. Awo ne mai tsananin laushi. Bugu ɗaya mai kyau a jikin ƙofa ko gefen tebur ya isa ya gusar da shi, sai ka ga siffofin biyu sun ƙi haɗuwa a kan abu mai nisa, ko ɗaya ta ɗan hau saman ɗaya, daga nan sai wurin mai gyara. Kyamarar da ke maƙale a ƙarƙashin gwiwar hannu ta fi tsira daga wannan.

Sai kuma rana. Labulen da ke buɗewa ya ba fim haske a M6 na ƙyalle ne mai shafin roba, kuma babu madubi tsakaninsa da gilashi. In gilashin ya fuskanci rana kai tsaye yana iya tara haskenta a ɗigo ɗaya ya ƙona labulen ya huda shi. Canon P ta 1959 labulenta na ƙarfe ne, masu ita ba su da wannan fargaba, amma mu masu ƙyalle dole mu kula. Na lura in kyamarar a wuya take kuma na zauna, kwanciya take yi a cinyata tana kallon sama. A saƙale ta ƙirji kuwa gefe take fuskanta, kuma cikin sauƙi nake juya gilashin ya kalli jikina in rana ta take.

Da awon 115 a hannu na koma kan tebur, sai ga wanda ban ko kula shi da safe ba: siririn maratayi na fata, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ba ƙarfen rage tsawo, ba maɓallin roba, ba komai. Ya sha hannu har ya yi laushi, in ka dunƙule shi yana shiga tafin hannu. Na auna shi, ya zo daidai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda shimfiɗaɗɗe ne ba ya yanka kamar zagayayyar igiya, saboda siriri ne mai laushi kuma yana zubewa ya kauce wa tagogi da hannun tura fim. Cikinsa ba santsi ƙwarai ba, ba kuma kamu ƙwarai ba, yana zamewa a kan riga in na ja, yana tsayawa in na saki. Rashin ƙarfen rage tsawon ma alheri ne a wurina, domin shi ne yake karce kyamara in an naɗe su tare a jaka.

Na ɗauki lokaci a kan zobban, don a nan ne duk amanar take. Irin zoben makulli ne, ƙanana. Na bi bakin kowanne da yatsa in ji ko akwai kaifi, saboda bakin zobe mai kaifi yana cin ramin kunnen kyamara a hankali, kuma yana goge fentin gefe. Ɗaya ya ɗan buɗe, tsakanin zagayensa biyu akwai tazarar da farce ke shiga ba wahala, na canza shi da wani matsattse daga cikin jakar. A bayan kowane zobe akwai 'yar fata zagayayya da ke shiga tsakaninsa da jikin kyamara, na tabbatar sun zauna kafin in zura zobban. Na duba ɗinkin a ƙarƙashin fitila, zaren mai kakin zuma ne, ba inda ya saki. Sannan na ja kowane gefe da ƙarfin da ya ninka nauyin kyamarar.

Da yamma na sake fita da shi, na daɗe ina tafiya har hasken ya yi ja. Fim ya ƙare a hanya, na tsaya na canza, kyamarar tana kife a ƙirjina, hannuwana biyu suna aikinsu. Na ɗauki wasu yara suna tseren keke, na ɗaga na saita na danna ban tuna da igiya ba ko sau ɗaya, sai da na dawo gida na cire ta na ga babu shata a wuya, kafaɗata kuma ba ta ƙage ba.

Abu ɗaya ya rage min. Fatar rinanniya ce, ruwan ƙasa mai duhu, kuma zufa tana sa wasu fatun su saki launi. Na jiƙa farin ƙyalle na goga a cikinta, ya ɗan ɗauko launi kaɗan. Zan shafa mata man fata siriri a daren nan, in bar ta ta sha, in goge da busasshen ƙyalle da safe, in sake gwadawa. Kafin ta daina, da riguna masu duhu zan riƙa fita da ita.