Inda na kwana da tsohuwar Canon ɗin Baba

’Yan uwa masu koyon hoton fim, ga labarin kyamarar da na tono a akwatin mahaifinmu. Canon AF35M ce, wadda ta fito a 1979, a Japan ana ce mata Autoboy. Idonta, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, 38mm f/2.8 ne, ita ke saita nisa, ita ke jan fim da ’yar motarta. Batir biyu take ci, irin na rediyon hannu, wato AA, don haka ko a shagon bakin layi za ka samu.

Ranar farko ko motsi ba ta yi ba. Da na buɗe gidan batir sai ga farin gari ya daskare a kan ƙarafunan, ashe shekara da shekaru tsofaffin batira na ciki suna tsiyaya. Na tsoma auduga a ruwan khal na goga a hankali, na bar wurin ya bushe, na sa sababbi. Sai ta yi wani kuka kamar injin markaɗe, har ƙanwata ta leƙo daga tsakar gida. Haka motar take, kada ƙarar ta tsorata ku.

Fim na farko Kodak Gold 200 ne, mai hoto 36. Da aka wanko, inuwa duk ta yi duhu da dishi-dishi. Laifina ne tsantsa. Kyamarar ta girmi tsarin DX da aka fito da shi a 1983, wato alamar da ke jikin gwangwanin fim wadda kyamara ke karantawa, don haka ba ta karanta saurin fim da kanta, kai za ka juya zoben ASA (lambar saurin fim, mai nuna yawan hasken da yake bukata) da ke jikin idon, daga 25 zuwa 400. Ni kuwa na bar shi a 400 yadda Baba ya ajiye, alhali fim ɗin na 200 ne, fim ya samu rabin hasken da yake bukata. Fim mai launi yana jure haske ya ɗan yi masa yawa, amma in ya gaza ba ya yafewa.

Sai wani jan zane, ja-ja kamar manja, a gefen hotuna kusan goma. Jan launin alama ce cewa ta baya hasken ya shigo. Na duba ƙofar, soson da ke tare haske ya narke ya zama danƙo, tsufa ne kawai. Kafin in samu sabon soso na liƙe bakin ƙofar da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Ba kyan gani, amma fim na biyu ya fito tas.

Abin da ya fi cin raina shi ne saitin nisa. Kyamarar tana harba wani haske da ido ba ya gani, ta auna abin da ke tsakiyar madubin leƙe kawai. Na tsayar da abokaina biyu a ƙofar gida, tsakiya ta faɗa a ratar da ke tsakaninsu, katanga ta fito rangaɗau, su kuma kamar a hazo. Wanda na ɗauka ta gilashin mota shi ma ya tafi, gilashin ta auna. Danna maɓalli rabi ba ya kulle nisa a wannan, na yi ta gwadawa a banza. Akwai ’yar sanda a gaba, ta ƙidayar lokaci: ka saukar da ita, ka ɗora tsakiya a kan fuskar mutum, ka danna sau ɗaya, ka gyara tsayuwar hoton, ka sake dannawa. Da wannan na samu hoton kakarmu a kan tabarma, har zanen fuskarta ana ƙirgawa.

Yanzu ina da ɗan littafi, kowane hoto ina rubuta lambarsa da irin hasken wurin. Fim na uku yana ciki, na kai 14. Tunda hunturu ya shigo nake ajiye ta cikin leda saboda ƙura, kuma filashar tana daɗewa kafin ta cika, ina zargin batiran ne suka fara sanyi. Gobe zan sauya su in gwada da magariba.