Sana'ar fita da karnuka a San Faransisko: yadda nake zaɓen filin da za a kwance igiya

Sana'ata ita ce fita da karnukan mutane yawo a birnin San Faransisko, wanda yake bakin Tekun Fasifik a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ɗan ƙaramin kamfani ne, ni da ma'aikatana biyu muke tafiyar da shi, kuma aikinmu na kullum shi ne mu bi gidaje da hantsi mu kwaso karnukan da masu su suka tafi wurin aiki, mu kai su fili su yi gudu har su gaji, sannan mu goge musu jiki mu mayar da kowanne gidansu kafin la'asar. Na san wanda ya tashi inda kare na gadi ne ko na farauta zai yi mamakin a ce ana biyan mutum kuɗi don wannan, amma a nan yawancin jama'a a gidajen bene marasa tsakar gida suke zaune, kuma karen da ya wuni a kulle shi kaɗai yakan ciccije kujeru, ya dami maƙwabta da haushi, har a kai ƙarar mai shi wurin mai gida. Game da tsarki kuwa, wanda 'yan'uwa sukan tambaye ni a kai, malaman mazhabar Malikiyya suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da haka kayan aikina daban suke da tufafin da nake salla da su.

Abin da masu karnuka suka fi tambaya kafin su ba ni makullin gidansu shi ne inda zan kai dabbar, kuma kusan kowa so yake ya ji na ce filin yana da shinge. Ni kuwa aikin nan ya nuna mini cewa shinge ba shi ne ke sa wuri ya zama mai aminci ba. Abin da nake nema a fili shi ne faɗin da zai ba karnuka damar ci gaba da tafiya ba tare da sun cunkushe wuri ɗaya ba, da nisa daga titin mota, da sararin da zan hango abin da ke tahowa tun daga nesa, sannan kuma, wanda ya fi duka, karen da idan na kira shi zai juyo.

Kafin a kai ga zaɓen wuri sai an san mai filin, domin filayen birnin nan ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Lambunan cikin gari na hukumar birni ne, kuma tun 2013 dokar birnin ta wajabta wa duk mai fita da karnuka huɗu ko fiye don a biya shi ya mallaki lasisi. Ba a ba da lasisin sai mutum ya yi horo na awa 20 ko ya bi wani ƙwararre a matsayin almajiri na awa 40, kuma ya nuna takardar inshora ta dala miliyan ɗaya, sannan ba zai riƙe fiye da karnuka takwas a lokaci guda ba. Yawancin bakin teku kuwa yana ƙarƙashin gwamnatin tarayya, cikin yankin shaƙatawa na ƙasa na Golden Gate da aka kafa a 1972, kuma a can takardar izini daban ce, iyakar karnuka shida. Wannan bambanci na karnuka biyu shi ne ribar yini ga ƙaramin kamfani irin nawa, tunda man mota da kuɗin inshora da albashin ma'aikaci ba sa raguwa don motar ba ta cika ba. Duk da haka na zaɓi in tsaya a kan shida ko a ina muke, domin ido biyu gare ni, kuma na lura da zarar garke ya wuce haka sai ƙirga su ya maye gurbin lura da halin da suke ciki.

'Yancin sakin kare a wannan gaɓa yana da tarihi, kuma duk mai sana'ar da bai san shi ba, to zai yi wasa da abin da yake ci da shi. Ƙa'idar gandayen ƙasa na Amurka ita ce kare ya kasance a ɗaure, amma a 1979 aka tsara wata manufa ta musamman da ta yarda a saki karnuka a wasu sassa na wannan yanki muddin suna jin umarnin bakin mai su. Daga baya hukumar gandayen ta so ta janye wannan sassauci har ta fara cin mutane tara, sai wata kotun tarayya ta soke tarar a 2005. Hukumar ta shafe fiye da shekara goma tana shirya sabuwar doka da za ta rage filayen ƙwarai, masu karnuka suka yi ta ja da ita, a ƙarshe ta yi watsi da shirin a 2017. Ba na ɗaukar wannan a matsayin magana ta ƙare. Duk ranar da wani daga cikinmu ya bar garkensa ya kori tsuntsaye ko ya bar kashi a kan hanya, hujja ya miƙa wa masu son a rufe wurin.

Wurin da na fi zuwa shi ne Fort Funston, a kusurwar kudu maso yammacin birnin. Tsohon sansanin soja ne na tsaron gaɓa, har yanzu akwai ginin kankare na manyan bindigogi da aka yi a shekarun 1930, kuma filin tuddan rairayi ne masu faɗi a saman wata gaɓa mai tsayin kusan mita 60 daga ruwa. Abin da ya sa nake son sa shi ne tafiya ba ta tsayawa. Muna fitowa daga mota zan kwance igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, in fara da karen da ya fi natsuwa domin sauran su bi sawunsa, sai mu miƙe kan hanyar rairayi. Karnuka masu tafiya tare sukan shagala da shinshine-shinshine da tsere, idan sun haɗu da wani garke sai su gaisa a gurguje kowa ya wuce, babu lokacin tsayawa a zura wa juna ido, wanda daga nan ne faɗa yake farawa. Rairayin ma yana gajiyar da su ba tare da ya ji musu ciwo a gaɓoɓi ba.

Amma Fort Funston wuri ne da ke neman a san shi. Gaɓar nan ba dutse ba ce, rairayi ne da ya dunƙule, yana kuma zaizayewa a kai a kai. Kare mai bin tsuntsu ko ƙwallo ba ya ganin inda ƙasa ta ƙare, kuma ba sabon abu ba ne a kira 'yan kwana-kwana su sauka da igiya su ciro karen da ya maƙale a tsakiyar gangaren. A watan Fabrairun 2019 wani ɓangare na gaɓar ya rufta kan wasu mata biyu da ke yawo da kare a ƙasa, ɗaya daga cikinsu ta rasu. Saboda haka ƙa'idata ita ce ba a jefa ƙwallo ta wajen teku, kuma idan mun sauka bakin ruwa ba ma bin gindin gaɓar, musamman bayan ruwan sama. Kowace safiya kafin in kunna mota sai na duba jadawalin cikar teku da janyewarsa, domin idan ruwa ya cika akwai inda rairayin ke ɓacewa gaba ɗaya, mutum ya tsinci kansa da karnuka shida tsakanin igiyar ruwa da bangon ƙasa. Ana kuma hawan dawakai a bakin ruwan, kuma karen birni da bai taɓa ganin doki ba yana iya bin sa da haushi ya sha shuri, don haka ina hango mahayi zan kira kowa in ɗaure har ya wuce. A lokacin da tsattsewa ke yin sheƙa a ramukan jikin gaɓar, nesa da wurin muke bi.

Crissy Field, tsohon filin jirgin sama na soja da ke fuskantar gadar Golden Gate, ya fi dacewa da tsofaffin karnuka da masu son iyo, domin yana cikin mashigin ruwa ne inda igiyar ba ta da ƙarfi, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Matsalarsa cunkoso. Akwai yara masu wasa da ƙasa, da masu keke, da iyalai da suka baje abinci a kan tabarma, kuma kare ɗaya mai kwaɗayi ya isa ya zubar wa kamfani mutunci, shi ya sa da sassafe nake zuwa can ko ranar da hazo ya kori jama'a. Ocean Beach kuwa, mai tsawon fiye da kilomita 5, ruwansa yana da sanyi ƙwarai kuma yana da wani irin ja da ke fizgar mai iyo zuwa cikin teku, don haka ba na barin kowane kare ya wuce inda ruwa zai kai masa ƙirji. A wani sashe na wannan gaɓa, da kuma wani ɓangare na Crissy Field, dole a ɗaure kare daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Mayu saboda wani ɗan ƙaramin tsuntsun bakin teku mai launin rairayi, wanda aka sa cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 1993. Wasu abokan sana'a suna ƙorafi cewa kusan shekara guda ke nan, amma ni ina ganin dokar ta yi daidai. Tsuntsun hutawa yake zuwa yi a can, duk tashin da aka tilasta masa ƙarfinsa ne ake ƙona masa, kuma mu muna da wasu filayen da za mu je.

A cikin gari, McLaren Park mai faɗin fiye da eka 300 shi ne mafakata idan iskar teku ta yi tsanani, kuma tudun Bernal Heights yana da kyau ga karnuka masu ƙarfi. Duboce Park sananne ne, amma ba shi da shinge kuma layin jirgin ƙasa na cikin gari yana wucewa a gefensa, saboda haka ban taɓa kai garke can ba.

Filayen da aka kewaye da waya, irin na Corona Heights da wanda ke cikin Golden Gate Park kusa da garken bison, wato ɓaunar Amurka, suna da amfaninsu, musamman ga kwikwiyo ko karen da aka karɓo daga gidan kula da dabbobi wanda bai riga ya san sunansa ba. Idan zan shiga irin wannan wuri nakan tsaya a waje in duba tukuna. Ina son ƙofa biyu a jere yadda za a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu, da ɓangare na daban don ƙananan karnuka, da ruwan sha mai gudana maimakon kwano ɗaya da kowa ke sa baki, tunda ta nan tari ke yaɗuwa. Na fi kuma duba mutanen fiye da dabbobin. Idan na ga kowa ya dunƙule a benci idonsa a kan waya, ga karnuka sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna jiran baƙo, sai in juya. Wasan lafiya yana da alama: kare yakan durƙusar da ƙafafun gaba ya ɗaga baya, jikinsa a sake, wanda ake kora ma ya juyo ya kori ɗan'uwansa. Idan kuwa wutsiya ta miƙe ta sandare, baki ya rufe, ɗaya ya ɗora haɓarsa a kafaɗar ɗaya, to saura ƙiris, kuma a cikin shinge wanda aka tsananta wa ba shi da inda zai gudu.

Yanayi ma yana sauya mini hanya. Daga watan Mayu ciyawa takan bushe, akwai kuma wata irinta mai 'ya'ya masu tsini da ke yi wa kare abin da ƙarangiya ke yi wa mai tafiya a daji, sai dai ita idan ta shiga kunne ko hanci ko tsakanin yatsu gaba take ci cikin nama, ba ta fita sai likitan dabbobi ya ciro ta. Shi ya sa a bakin mota nake tsugunawa in buɗe yatsun kowane kare in leƙa kunnuwansa kafin ya hau. Daga bazara zuwa kaka koyoti, wata dabbar daji dangin dila, tana renon 'ya'ya, har hukumar Presidio, wani tsohon sansanin soja a arewacin birnin da ya zama wurin shaƙatawa, takan hana shiga wasu hanyoyi da karnuka a wannan lokaci. A bakin ruwa kuma akan sami mushen zakin teku, wata babbar dabbar ruwa mai shayarwa, wanda ke iya ɗauke da cutar leftosifirosis mai lalata ƙoda, don haka ba na karɓar kare sai na ga shaidar rigakafinta tare da ta ciwon haukan kare.

Sabon kare ba ya samun sakin igiya a ranar farko, ko da mai shi ya rantse cewa yana jin kira. Nakan fara da shi shi kaɗai a kan doguwar igiya, in kira sunansa sau ɗaya, idan ya zo in ba shi ɗan busasshen nama in sake shi ya koma wasa, domin kada ya ɗauka kira yana nufin yawo ya ƙare. Sai na ga yana barin tsuntsu ko wani kare ya taho gare ni kafin in haɗa shi da garken da ya dace da ƙarfinsa da shekarunsa. Akwai waɗanda halittarsu ta bin ƙanshi ko farauta ta fi ƙarfin kira, kuma irin waɗannan nakan gaya wa masu su gaskiya tun da wuri cewa a kan doguwar igiya za su riƙa yawo tare da mu, kuɗin kuma bai canza ba, tunda aikin da suke ci ya fi na sauran.