Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Ɗan Gado a Gaban Kamara

A makon jiya mun tsaya inda Baba ya amince in bi Kawu zuwa Kano.

Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka shigata fim abu ne mai sauƙi. Baba ɗan dirama ne tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a gidan mai talabijin don kallon wasan NTA Bauchi. Su ba a ba su rubutaccen labari. Darakta zai faɗi gundarin abin da ake so, kowa ya zuba nasa daga ka. Kawu kuma ɗan zamanin kaset ne, cikin samarin da suka ruga harkar bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Ni na zo ne bayan kasuwar faifan CD ta durƙushe, masu tura finafinai a waya sun cinye ta, an koma fim mai dogon zango a YouTube da Arewa24. Sana'a ɗaya ce, amma kowannenmu da kasuwar da ya tarar.

Mun bi ta Ningi da Birnin Kudu, washegari Kawu ya zagaya da ni ofisoshin furodusoshi a Titin Gidan Zoo. Ko'ina muka shiga magana ɗaya ce: "Ɗan wane ne na Bauchi." Sai a miƙo hannu da fara'a, a tambayi lafiyar Baba, a tuno wani wasansa a yi dariya. Ba wanda ya tambayi abin da na iya, kuma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Bayan na yi rajista da MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar fim, da Hukumar Tace Finafinai, aikin da na fara samu a lokeshan shi ne riƙe sandar makirufo. Hannu a sama har kafaɗa ta yi tsami, amma daga wurin nake ganin fuskar jarumai kusa da kusa, ina lura da yadda gwanaye ke canza ido kafin su buɗe baki.

Ranar da aka ba ni fitowa ta farko, yaron shago ne da ake zargi da satar kuɗin maigida. Aka ce akshin, na saki murya irin ta gidanmu, wadda ake ji daga zaure har cikin ɗaki. Darakta ya tsayar da aiki, ya matso kusa da ni. "Muryar babanka ce wannan, na san ta. Taka nake so."

Da dare na kira Baba na labarta masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Gaskiya ya faɗa maka, yaro. Mu a dandali muka koya, sai na can baya ya ji. Kai kamara tana bakin hancinka. Bar tunanin abin da za ka faɗa, ka saurari mai zarginka kamar yau ka fara jin maganar."

Washegari aka sake ɗaukar wurin. Da maigidan ya daka mini tsawa, sai na ji bakina na rawa da gaske, kalmomin suka fito a hankali. Darakta bai ce komai ba, ya wuce sin na gaba. Sallamar da aka ba ni ko kuɗin motar Bauchi ba ta kai ba, sai da Kawu ya cika.

A mako mai zuwa zan kawo yadda wani furodusa ya nemi in fito tare da Baba a fim ɗaya, da dalilin da ya sa Baba ya ƙi.