Naira casa'in da Malam ya ƙi karɓa

Malamin da ya koya mana lissafin kasuwanci a sakandare, a wani gari kusa da Jos, shi ne kuma mai koyar da mawaƙan majami'armu ta ECWA. Da safe yana gaban allo yana raba shafi gida biyu, hagu da dama. Laraba da Asabar da yamma kuma yana gaban wani allon yana rubuta do, re, mi. Allin majami'a da kuɗinsa yake saya, bai taɓa ɗaukar na makaranta ba, mu kuwa a lokacin dariya abin yake ba mu.

Yakan ce duk sana'o'insa biyu daga hannun ma'aikatan coci ya gaje su. Tsarin rubuta kowane kobo sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, Luca Pacioli ne, wani ma'aikacin cocin Katolika, ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1494. Karanta waƙa da haruffa kuma wani fasto a Ingila, John Curwen, shi ya yaɗa shi domin waɗanda ba su iya karatun alamomin kiɗa ba. Da wannan hanyar ce Malam ya sa manoma da masu sayar da tumatir suke rera Littafin Waƙoƙi da murya huɗu. 'Yan Zumuntar Mata ne kawai suka gagare shi. Su da tulunsu da kacau-kacau, ba ruwansu da allo, kuma gaskiya sun fi mu tayar da majami'a.

Bayan na gama makaranta aka sa ni taimaka masa da littafin kuɗin mawaƙa. Ana gab da Kirsimeti, muna tara kuɗin ɗinkin riguna, sai lissafi ya ƙi daidaita. Naira casa'in ta ɓace. Na ƙirga har sau uku, yunwa na cina, duhu ya fara. Sai na zaro kuɗin daga aljihuna na ajiye a tebur.

Ya dubi kuɗin, ya dube ni. "Ɗana, wa ya ce maka kuɗi ne ya ɓace? Mayar da abinka. Raba casa'in gida tara mu gani."

Ta rabu daidai. Ya ce duk lokacin da giɓin ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi wajen kwafa. Idan kuma rabin giɓin ya yi daidai da wani adadi a littafin, to an rubuta shi a ɓangaren da ba nasa ba. Ya koya mana wannan a aji, har na ci shi a jarrabawa, amma ban taɓa tunanin zai fito mini a ɗakin ajiyar kayan kiɗa ba. Muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya. A na tela aka kama ni: ya karɓi 540, na rubuta 450. Da ya bar ni na cike, da littafin ya zauna lafiya da ƙarya a ciki, telan kuma a takarda yana bin mu bashin da mun riga mun biya.

Haka yake yi a waƙa. In wani ya kauce a layin masu babbar murya, ba ya cewa sauran su ɗaga murya su rufe shi. Sai ya tsayar da kowa, a rera bibbiyu har a gano. Wasu sun bar ƙungiyar saboda haka, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don Malam bai iya lallashi ba.

Yanzu ni ke riƙe littafin wani shagon taki da maganin feshi. Watan jiya giɓin naira dubu ashirin da bakwai ya fito, maigidan har ya fara hararar yaron shago. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rasit ɗin makon nan tukuna."