Agogo uku da nake warewa idan aka kawo tarin tsofaffi

A Bauchi, tsofaffin agogo masu maɓallan tayar da awon sakan da tsayar da shi, waɗanda muke kira kuronogiraf, galibi daga akwatunan dattawa suke fitowa. Magada kan kawo su goma ko fiye a ƙunshi ɗaya, wasu tsarabar aikin Hajji ce, shi ya sa za ka ga ranakun mako da Larabci a fuskarsu. Mai shago ba zai iya zuba kuɗi a kan duka ba. Abin da nake dubawa kafin suna shi ne ko za a samu kayan gyaransa.

Gwajin farko a hannu ake yi. Danna maɓallin sama, dogon hannun sakan ya tashi sumul. Jira ya zagayo, ƙaramin hannun minti ya matsa taki ɗaya tak. Tsayar da shi, sannan ka danna na ƙasa, kowane hannu ya koma sifili daidai. Idan ya tsaya a gefen 12, ko hannun ya saki a kan sandarsa, ko hamar da ke mayar da shi ta cinye.

Na farko a wurina Seiko 6139 ne, wanda ya fito a 1969. Motsin hannu ke yi masa wani, ba ya karɓar wanin yatsa, don haka kada a ce ya lalace. Mai rawayar fuska shi ne irin wanda William Pogue ya tafi da shi sararin samaniya a 1973, kuma shi aka fi yi wa jabun fuska. Juya bayansa ka karanta lambar: ta farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata. Ciwonsa ɗaya, faifan tsakiya mai kuloci, wanda ke juya dogon hannun sakan. Idan ya gaji, hannun sakan yana santsi ko agogon ya tsaya da zarar an danna. An daina ƙera shi, sai dai a ciro daga wani mataccen inji. Saboda haka ko ruɓaɓɓen 6139 ba na yarwa.

Na biyu Citizen 8110, musamman mai maɓallai a ka kamar ƙahon sa. Injinsa yana bugawa sau 28,800 a awa, kuma shi kaɗai a cikin ukun nan ake iya mayarwa sifili yana cikin gudu. Ƙarami ne a ciki, ga cunkoso, ba na ɗan koyo ba ne.

Na uku Poljot 3133 na Rasha, mai wanin yatsa, da aka gina a kan tsarin injin Valjoux 7734 na Suwizalan. Maɓallinsa da tauri, haka yake, ba matsala ba ce.

Masu sunan Chronographe Suisse kuwa, gidansu na zinariya kamar takarda yake, ɗan bugu kaɗan ya lotsa. Nakan bar wa mai so.

Duk wanda aka ware, a canza robobin maɓallai kafin a ɗaura. Ta nan ƙurar hunturu da ruwan alwala ke shiga, tsatsa kuma daga ƙarƙashin maɓalli take farawa. Injin da ya shekara ashirin a akwati mansa ya bushe. A wanke, a sa sabon mai, sannan a bar shi ya yi gudu kwana uku a kan tebur kafin a sa masa farashi.