Mu Ne Masu Gina 'Yan Gefe

A ɗakin aikinmu da ke Kaduna ba mu cika gina jarumai ba. Idan kamfani zai shirya katun na kwamfuta mai dogon zango don talabijin, jarumi da abokan tafiyarsa yakan riƙe su a hannunsa. Abin da ke zuwa mana shi ne sauran jama'ar gari: mai shayi, mai gadin makaranta, tsohuwa mai ƙosai, ɗan acaɓa, har akuyar da ke tsallaka titi. 'Yan gefe muke kiransu, kuma da su muke ci da sha.

Kusan duk wanda ya kawo aiki da magana ɗaya yake fara ciniki: "Haba Malam, wannan fa ko magana ba ya yi, daƙiƙa uku zai fito." Sai in ɗauko biro. Talabijin ɗinmu hoto 25 yake nunawa a kowace daƙiƙa, ka ga daƙiƙa uku hoto 75 ke nan, kuma a kowanne sai mai shayin nan ya tsaya da ƙafarsa. Gobe ma zai sake fitowa, jibi ma haka, tunda teburinsa a bakin layin su jarumi yake. Jarumi yana da rabin awa ya nuna halinsa. Ɗan gefe kuwa dole yaro ya gane ko wane ne shi kafin kyamara ta wuce.

Shi ya sa ba ma taɓa kwamfuta sai an gama da takarda. Mukan zana mutumin, mu cike shi da baƙi ƙirin, mu nuna wa wanda bai san aikin ba. In daga inuwar kaɗai ya ce "wannan mai gadi ne", an wuce. In ya yi shiru, a koma zane. Bayan nan a gina jiki, a tsara ragar fuska, wato layukan da kwamfuta ke haɗa siffar da su, yadda za ta lanƙwasa a gefen baki da ido ba tare da ta tsage ba, a saka ƙasusuwan da ake motsa jikin da su a kwamfuta, a yi fenti, sannan a zo kan tafiya, wadda ita ce rabin halin mutum. Mai gadinmu yana ɗan jan ƙafar hagu, tocila a hammata ko da rana tsaka. Ba wanda ya rubuta haka a labari. Mu muka ba shi.

Inda nake bugun ƙirji shi ne tufafi. Mahaifina tela ne, a gindin kekensa na tashi, na san yadda shadda mai sitati take tsayawa da yadda yadi mai laushi yake zubowa. Babbar riga ita ce jarrabawar duk mai wannan sana'a. In ka bar kwamfuta ta lissafa motsin yadin da kanta, za ta cinye maka dare a kan mutum ɗaya da ke can bayan fage, kuma hannun rigar ya riƙa ratsa cinya. Mu sai mu dasa ƙasusuwa a cikin rigar kanta, mu motsa ta da hannu. Ɗage hannun riga zuwa kafaɗa da dattijo yake yi kafin ya zauna, mun ajiye shi kala-kala: na mai kuɗi daban, na malami daban, na wanda ya aro rigar daban. Hula ma haka. Yadda aka karya ta, da inda ta zauna a goshi, ya isa ya gaya maka shekarun mutum.

Masu araha ba sa wannan wahalar. Su sauko da jikin da wani ya gina a wata ƙasa, su baƙanta fatar, su ɗora masa hula, su manna masa tafiyar da suka samo kyauta a intanet. Sai ka ga mai ƙosai tana taku kamar sojan fareti. Rabin kuɗinmu suke karɓa, daga baya a kawo mana gyara, gyaran kuma ya fi sabon gini wuya.

Kada a ce ina ƙyamar maimaita jiki. Sana'ar da haka ta fara. ReBoot, wanda aka yi a Kanada a 1994, yana cikin shirye-shiryen farko na rabin awa da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, kuma yawancin jama'ar garinsa siffar lamba ɗaya da sifiri gare su, wasu ƙwallo, wasu akwatuna uku a ɗore, saboda abin da injinan lokacin za su iya ɗauka ke nan. Amma an ba su hula, gashin baki da sana'a, har masu kallo suka riƙa gane su ɗaya-ɗaya. A Star Wars: The Clone Wars na 2008 sojojin duk fuskarsu ɗaya, kuma mutum ɗaya, Dee Bradley Baker, shi ya yi muryoyinsu. Aski, tabo da fentin sulke ne suka raba su. Mu ma jiki kaɗan gare mu, kawuna da tufafi da yawa. Bambancin shi ne mu mun san abin da za a canza don kada ido ya kama.

Wannan idon ba a gaban allo na same shi ba. Ogan da ya koya mini aiki, Allah ya saka masa da alheri, ya hana ni kwamfuta da farko, ya tura ni tashar mota da littafin zane. Ya ce in zauna kusa da mai shayi in kalli hannunsa kawai. A nan na lura cewa idan yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya, ba ya kallon shayin sam, idonsa na kan mai biyan kuɗi. Har yau duk yaron da ya zo koyo wurina, tasha yake fara zuwa. Manhajar da muke aiki da ita, Blender, kyauta ce tun 2002, kuma tun fitowar samfurinta na 2.8 a 2019 muna ganin haske da inuwa nan take ba sai an daɗe ana jiran kwamfuta ta fitar da cikakken hoto ba, abin da ya zama rahama ga mai aiki da janareta. Manhaja kowa zai iya saukewa. Zaman tasha ne ba kowa ke yi ba.

Akwai kuma abin da nake yi ko ba a biya ba: kowane ɗan gefe sai na gina masa baki cikakke, da haƙora da harshe da siffofin furuci, ko da an rantse mini ba zai taɓa magana ba. Darakta yakan canza ra'ayi. Tsuntsayen ƙanƙara (penguin) huɗu na fim ɗin Madagascar na 2005 'yan gefe ne, sai ga shi sun samu shirinsu na talabijin a Nickelodeon, suka kuma samu fim nasu a 2014. Ranar da yara suka ƙyalla ido a kan mai gadinka, za ka so a ce kyamara na iya matsowa har hancinsa ba tare da an ji kunya ba. Mai cinikin daƙiƙa uku ba ya tuna wannan sai ranar ta zo, sannan ya bugo waya cikin dare.

Yanzu haka raƙumi muke ginawa, wanda zai wuce a bayan kasuwa ɗauke da kaya. Wanda ya ba mu aikin ya ce a ɗora masa tafiyar doki a huta. Na ce a'a. Raƙumi ƙafafunsa biyu na gefe ɗaya yake ɗagawa kusan tare, shi ya sa yake rangaji hagu da dama, kuma kayan da ke bayansa dole su bi wannan rangajin. Duk yaron da ya taɓa ganin ayari zai gane in an yi masa ƙarya. Mun ƙara masa kwana a kan alkawari, kuɗin kuma yana nan yadda muka faɗa tun farko.